Ishiyaku Direba da Gangar Kebul ta Gwaram

A Birnin Kudu, in ka ce Malam Ishiyaku Mai Wuta, kowa zai nuna maka gidansa. Amma tsofaffin garin har gobe Ishiyaku Direba suke kiransa, don sai da ya haura shekara arba'in kafin hannunsa ya fara taɓa wayar lantarki.

Mutumin Kwandiko ne. Ya bar noma ya tafi Kano wurin kawunsa shekarar da aka samu 'yancin kai, ya koyi tuƙi, ya dawo ya zauna a Birnin Kudu da matarsa Zuliha. Babbar mota yake ja, ta wani Alhaji Buba, yana ɗaukar gyaɗa da dawa. Karatun boko bai wuce na yaƙi da jahilci ba, amma motarsa ya san ta ciki da bai. Daga yadda ta kwanta a kan sifirin, ƙarafunan da ke ɗauke da nauyinta, zai gaya maka buhu nawa ne a bayanta.

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kaya suka canza: siminti, rodi, turakun lantarki. Wata shekara da rani aka sa shi ya ɗauko gangar kebul daga Kano, wato ƙaton kebul baƙi mai kaurin damtse, a naɗe jikin katako, aka binne kebul ɗin don kai wuta sabon injin casar shinkafa na Birnin Kudu. Da damina ta faɗi, 'yan kasuwar Gwaram suka haɗu suka kafa irin wannan injin, suka ɗauki injiniyan da ya yi na farko, wani matashi mai suna Salihu. Aka sake tura Ishiyaku Kano.

Ganga iri ɗaya ce, tsawon kebul ɗaya, lamba ɗaya a jikin takarda. Amma tun kafin ya kai Wudil ya ji motar tana sauƙi. Inda ya sauya giya da wancan kaya, yau ta haye ba ta ko yi nishi ba. Ya tsaya ya duba sifirin, ya ga bai kwanta kamar wancan karon ba.

Ya isa Gwaram da hantsi. An riga an haƙa rami daga gindin turke har ɗakin da aka kafa babban allon raba wuta, lebura kusan ashirin suna jira. Injiniya Salihu ya duba takarda ya ce a sauke.

"Ranka ya daɗe, kafin a sauke," in ji Ishiyaku, "wannan ba irin na Birnin Kudu ba ne."

"Wa ya gaya maka?"

"Motar. Ya fi wancan sauƙi, ba kaɗan ba."

Leburori suka yi dariya. Salihu bai yi ba, amma ransa ya ɓaci. Ya nuna masa cewa bakin kebul ɗin a toshe yake da murfi saboda kada danshi ya shiga, ga hadari yana haɗowa, kuma jibi masu injin suka ce a kunna.

"Ni ban san aikinku ba," Ishiyaku ya ce. "In ka ce in sauke, zan sauke. Amma in an binne, tonowa sai ya fi wuya."

Salihu ya sake duba gangar. Can ya ce a kawo zarto. Da aka yanke murfin, maimakon jan ƙarfe sai ga fari fat: alminiyam. A ɗakin ajiyar da aka ɗauko ne aka yi musanyar ganga, ba da gangan ba.

Injiniyan ya shimfiɗa takarda a kan bonet ɗin motar ya yi ta lissafi. Da ya gama ya ɗago ya ce, "Baba, da an binne wannan, da zai yi aiki wata uku ko huɗu. Ran da aka kunna injuna duka, sai ya yi zafi a ƙarƙashin ƙasa har ya ƙone."

Suka toshe bakin, suka juya Kano tare. A hanya Ishiyaku ya yi ta tambaya. Me ya sa fari ba ya ɗaukar abin da ja yake ɗauka, alhali kaurinsu ɗaya? Salihu ya ce farin yana iya aikin, amma sai an ƙara masa kauri. Ya ce abu huɗu ake dubawa: yawan wutar da injuna za su ja, nisan da za ta yi tafiya, zafin ƙasar da za a binne shi, da kuma ko zai jure in wuta ta yi gardama kafin makunni ya katse ta. Ishiyaku ya sa ya maimaita masa har sau uku, yana ƙirgawa da yatsu a kan sitiyari.

An kunna injin Gwaram da jinkirin kwana biyar. Masu injin suka yi ta ƙorafi, daga baya suka manta.

Ishiyaku ne bai manta ba. Duk inda Salihu yake aiki, in ya sauke kaya sai ya tsaya yana kallo. Salihu ya ba shi wani ɗan littafi mai jadawalin kaurin kebul, ya koya masa bin layukan lambobin da yatsa. Da ya gaya wa Zuliha zai bar tuƙi, sai ta ce, "Da furfurarka za ka koma ɗan koyo?" Ta yi kwana biyu tana fushi. A na uku ta ɗinka wa littafin jaka da ƙyallen atamfa, don ta ga gumi ya fara cin bangonsa.

Shekara uku ya yi a ƙarƙashin Salihu. Jarrabawar sana'a ta kayar da shi a karon farko saboda Turanci, ya koma ya ci a na biyu. Daga nan ya zama mai haɗa kebul, kuma shi ake kira daga Basirka har Surko in za a kafa injin niƙa ko famfon ruwa. Ba ya faɗin kaurin waya sai ya taka nisan da ƙafarsa, ya karanta lambar da ke jikin kowane inji. Masu gaggawa sukan ce ya cika nawa, su tafi wurin wani. Da yawansu sukan dawo.

Da ƙarfinsa ya ragu, ya buɗe rumfa a bakin kasuwar Birnin Kudu, ya yaye masu aikin wuta goma sha ɗaya. Biyu daga cikinsu tsofaffin direbobi ne, ɗaya kuma 'yarsa ce, Hadijatu, wadda ta wuce makarantar fasaha a Kano ta fito da babbar takardar da shi bai samu ba. Ranar Lahadi, in kasuwa ta cika, za ka same shi a kan benci da tabarau, Hadijatu ta kawo masa zanen wani aiki, suna gardama a kan nisan rami.