Godiyar da Rediyo Ya Kai Ofishin Jikata

Ke, kin taɓa ganin mutumin da ya yi wa 'yar ƙanwarsa sanadin rasa aiki da sunan godiya? To janyo kujerar nan ki zauna, ki ji abin da ɗan cikina ya yi wa jikata.

Tsaf-tsaf muke ce mata. Tun tana 'yar mitsitsiya, in na zube maɓallai a teburin sana'ata, sai ta zauna ta ware su, ja da ja, manya da manya, kowanne da gwangwaninsa. Da ta samu karatu a ƙasar waje, ta ce min aikin nan dai za ta koya, amma a cikin kwamfuta. Wai rumbu ne na bayanan mutane, sunansu, inda suke zaune, abin da suka saya. Ita ke jerawa, in an nemi mutum ɗaya ta zaro shi kafin ki ƙifta ido.

Yarinyar nan ta sha wuya. Ɗaki kamar akurki, gado ya tokare ƙofa, taga tana kallon bangon wani. Ta fito aji ta wuce gidan abinci wanke-wanke, hannu duk ya tsattsage. Ta dawo ta ɗora kwamfuta a cinya tana gwaji. Da yake ba a ba ɗalibi bayanan mutanen gaske, sai ta ƙirƙiro nata na ƙarya, gari guda. Wata rana ta kira mu a waya mai hoto, ta juyo mana fuskar kwamfutar.

"Kaka, ga sunanki nan, na ba ki kanti da mota."

Na ce, "Ja'ira, motar babu direba?"

Muka yi ta dariya. Kawunta yana tsaye a bayana yana leƙe. Rediyo ake ce masa, don in ya kama magana sai dai a cire masa batir.

Da ta gama karatu, takardar izinin zamanta a ƙasar ta rataya a kan samun aiki. In babu aiki, sai ta tattara ta dawo. Ta nema, ta nema, har wani kamfani mai sayar da kayan ɗaki ya ɗauke ta gwaji. Ranar farko suka ja mata kunne: bayanan masu sayayya amana ne, wanda ya nuna wa na waje, ƙofa a buɗe take. Ta turo hotonta tana murmushi a bakin ofis, lambar wayar kamfanin ɓaro-ɓaro a jikin gilashi.

Rediyo ya gani, ya ce, "Yanzu a ɗauki 'yarmu, babu babban da ya yi godiya? Su ce ba ta da kowa?"

Uwarta ta ce, "Yaya, ka bari ka tambaye ta tukuna."

"Ni? In nemi izinin yarinyar da aka haifa a gabana?"

Ya kira fa! Da guntun yarensu da ya iya ya yi ta naci har aka haɗa shi da ogarta. Ya zuba godiya, ya shiga yabo. Wai yarinya ce mai tarbiyya, ba ta ɓoye wa manyanta komai, har sunayen mutanen da ke cikin kwamfutarta ta nuna mana, duk gida mun gani. Ya ajiye waya yana gyara wuyan riga kamar wanda ya ci zaɓe.

Da ta je aiki washegari, rumbun ya ƙi buɗe mata. Aka shigar da ita wani ɗaki, mutane sun zauna fuska ba annuri. Ta rantse waɗanda ta nuna mana mutanen ƙarya ne, na makaranta, tun ba ta san kamfanin ba. Suka bincike kwamfutarta ciki da waje, ba su samu komai ba. Amma ogar ta riga ta tsorata. Aka mai da ita wani teburi kusa da injin buga takarda, tana zaman kallon bango. Da gwajin ya ƙare suka ce sun gode, ba za su ci gaba da ita ba.

Kin san abin da ƙaton banzan nan ya ce? "Ni alheri na nufa, Inna. Mutanen can ne ba su san mutunci ba." Wallahi takalmin da na jefe shi da shi har yanzu yana kan rufin bayi.

Yanzu takardarta sai ƙarewa take, ta koma wanke-wanke tana neman wani wurin. Kwanaki ta kira ni, ta ce in fita tsakar gida inda babu kowa. Na fara ba ta haƙuri, ta tare ni.

"Kaka, ba fushi nake da ke ba. Amma in Allah ya ba ni wani aikin, ko ke ba zan gaya wa inda yake ba."