Sawun Motar Bunu

Bunu direba mutumin Haɗeja ne. A zamanin Turawa ya shekara goma sha biyu yana jigilar bandar kifi daga Kirikasamma zuwa tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori, a wata tsohuwar a-kori-kura. Tayoyinta huɗu babu mai kama da wata, ta baya ma faci ne kan faci. Masunta sun san sawunta sarai. In suka fito daga fadama suka gan shi sabo a hanya, sun san Bunu ya wuce kuma zai dawo, sai su jera kwandunansu su jira.

Wata shekara ya gaji da faci, ya je Kano ya zaɓo sababbin tayoyi masu zurfin zane. Sau uku yana zuwa Kirikasamma yana dawowa wayam. Ashe zanen iri ɗaya ne da na motar Baturen da ke zagayen haraji, masunta na ganinsa sai su koma ruwa.

Ya nufi wurin badukun da ya bar wa tsofaffin, ya tarar tuni sun zama takalma. Ya sa ƙarfe a wuta, ya yi wa sabuwar tayar baya lalas uku kamar jaki, ya je ya nuna wa masuntan.

Da ya rasu, ba a aika Kirikasamma ba. Kwana uku babu sawu a hanya, sai ga masunta a ƙofar gidansa sun zo ta'aziyya.