Kartar Baffa Mani da Daren da Inna Ta Ƙone Ta

A gidanmu na Dandin Mahe, da an idar da sallar magariba mukan kewaye murhun Inna, kakarmu, tana gasa mana dankali tana ba mu tatsuniya. Yawanci da dariya muke tashi. Akwai maraice guda da ba haka ya ƙare ba.

Baffa Mani, autan Inna, shi ke bin motar albasa zuwa Kudu. A wata dawowarsa ya zo da kwalin karta irin wadda ba mu taɓa gani ba. Kowane kati da zanensa na ban dariya, kuma duk a kan giyar inabi: sarki mai jan hanci rungume da kwalba, sarauniya ta faɗa ganga ƙafafu a sama, 'ya'yan inabi sun yi ƙafa suna rawa. Mu ba mu san ma'anarsu ba, muka baje su a tabarma muna ƙyaƙyata dariya, har da Hajo, 'yar Baffa.

Inna ta miƙo hannu. "Ku miƙo min wanga abu."

Ta duba katunan ɗaya bayan ɗaya, fuskarta a ɗaure. Baffa yana zaune a kan turmi. Ko jiran mu amsa mata buɗin tatsuniya ba ta yi ba, ta fara.

Wai wani manomi ne ya tsinci kwalba a fadama, da aljani a ciki. Duk sadda ya buɗe ta, aljanin sai ya sa shi dariya, sannan ya ɗauke masa abu guda. Ya ɗauke hularsa, ya ɗauke jakinsa, ya ɗauke sallarsa. A ƙarshe ya ɗauke kamanninsa, har mutumin ya zo ƙofar gidansu yana sallama, uwarsa ta leƙo ta ce ba ta san shi ba.

Ba mu Inna take kallo ba, Baffa take kallo.

Ya miƙe tsaye. "Inna, in da ni kike, ki hwaɗa min ni kaɗai, ba gaban ɗiyana ba."

"Gaban ɗiyan kak kawo ƙazantar," in ji ta. "Kana zaton ban jin warinta ga bakinka in ka gaishe ni?"

Ta watsa katunan cikin wuta. Hajo ta fashe da kuka. Washegari Baffa ya bi mota, kuma bai sake kwana a gidan ba har Inna ta rasu.

Na daɗe ina ganin Inna ce kaɗai mai gaskiya, don daga baya kowa ya san Baffa yana sha a hanya. Sai da na girma, shi kuma ya tuba ya dawo gona, na tambaye shi ko tatsuniyar ce ta shiryar da shi. Ya girgiza kai.

"Ba ta yi ƙarya ba," ya ce. "Amma Hajo na zaune."

Yanzu ni ma ina da ƙanne da 'ya'ya, kuma na gaji harshen Inna. In raina ya ɓaci da wani, nakan jira tsakar gida ta watse, sannan in kira shi zaure.