Alamomin Shanun Kawu Ilu

Ku da kuka san Kawu Ilu a Kiru kun san ba ya ba da abu a dunƙule. Ko gyaɗa ya saya maka, ɗaya-ɗaya zai riƙa miƙowa, sai ka haɗiye sannan wata ta fito daga aljihu. Ƙanen mahaifiyata ne, don haka ba ni da wurin kai ƙara. Satin nan kuwa ya faɗo mini a rai sosai, domin na ɗauka aikinsa na shekara uku ya salwanta a hannuna.

Shekarun nan ya yi su ne yana bin rugage daga Ɗansoshiya har Doguwa a kan tsohon babur, yana ɗaukar hotunan shanu marasa lafiya. Kowane ciwo sai ya zana masa akwati a jikin hoton a kwamfuta, ya rubuta sunan cutar, alama ɗaya ke nan. Wani Arɗo ya taɓa ce masa abin da ke jikin saniyarsa ai kaska ce kawai. Kawu ya ce to a riƙe saniyar. Kaska goma sha ɗaya, kowace da hotonta da akwatinta, har saniyar ta gaji ta kwanta, Arɗo ma ya nemi inuwa.

Manhajar da ya rubuta don fito da alamomin halinsa ta ɗauko sak. Na roƙe shi ta riƙa zubo alamomin gaba ɗaya, ya ƙi. Wai sai dai ka rubuta ɗan umarninka, wanda masu sana'ar ke kira kolbak, ka miƙa mata, ita kuma ta riƙa kiransa a kan kowace alama, bi da bi.

"Kawu, wannan ai neman wahala ne," na ce.

"In na zubo wa kwamfutar nan duka, suma za ta yi. Ke za ki yi mata fifita?"

Da gaskiyarsa. Kwamfutar a kan bulo biyu take zama don ta sha iska.

Bayan rasuwarsa, wani likitan dabbobi ya nemi alamomin don koya wa ma'aikatansa kafin damina. Na rubuta kolbak ɗina, na kunna. Alama ɗaya ta fito, sai shiru. Na sake, ɗaya dai. Kwana biyu ban ji daɗin abinci ba, ina zaton na goge komai.

Da ƙyar na daure na bi rubutunsa layi-layi. Ashe dole kolbak ya amsa "ci gaba" bayan kowace alama, in ba haka ba manhajar ta tsaya cak. A gefen layin ya bar saƙo: "Hajara, na san za ki manta. Ba abin da ya ɓata."

Na gyara, alamomi suka yi ta fitowa, ina dariya ina share hawaye.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Yadda ka kwantar mini da hankali, Allah ya kwantar da naka a kabari.