Fuskar da Ke Bayan Littafi

A kasuwar Asabar ta garin Duluth, tsakanin mai tuffa da mai zuma, wata dattijuwa ce zaune daɓas a ƙasa, yara sun yi mata zobe. Kanta furfura ce fat, rigar sanyinta duk ta koɗe. Ga littattafan yaran da kamfaninta ke bugawa jibge a kan tebur.

Dolores ta tsaya cak. Ai ta san wannan muryar, ita ce ta sha sa ta kuka a silima, zamanin da hoton matar nan ke kan kowane bango.

Yanzu kuwa in za ta yi karatu, sai ta ɗaga littafin ta rufe fuskarta ruf, zanen na kallon yara, ita tana kawo labarin da ka. Muryar ta zama ta kwaɗo, can ta koma ta agwagwa mai mura. Dolores ta ce a ranta, wataƙila zama abin kallo ne ya ishe ta.

Sai ga wata dariya ta ɓarke. Ta Opal ce, jikar Dolores, wadda rabon da a ga haƙoranta tun ranar da aka kwantar da uwarta a asibiti.

Idanun Dolores suka ciko. Ta matsa kusa ta ce, "Baiwar Allah, ba ke ce ba...?"

Opal ta ja mata riga. "Haba Kaka! Ki yi shiru mana, kwaɗo na magana."

Dolores ta ja bakinta. Godiyar da take son yi wa dattijuwar ma sai ta jira kwaɗo ya gama.