Ƙararrawar Tsakar Rana

Makaranta biyu na yi a rayuwata, kuma duk firamare ne. Zan faɗe su bi da bi, don ba na son labarin da ake farowa daga tsakiya.

Ta farko makarantar Fada ce, wato limamin cocin Katolika, a wani ƙauye kusa da Zoza a ƙasar Rogo. Abin da ya kai ni can, Inna ce ta haifi tagwaye, aiki ya yi mata yawa, sai aka tura ni wurin kakata ta wajen uwa. Kaka musulma ce, amma ƙannenta da iyalansu 'yan Katolika ne, kuma babu wata makarantar boko da ƙafar yarinya za ta kai sai wadda ke jikin cocinsu. Baba ya yarda bisa sharaɗi: da yamma in je wurin malamin allo, kuma kada a sa ni addu'ar da ba tawa ba. An cika masa wannan har na bar garin.

Shi Fada ba mu cika ganinsa ba. Yakan zo a babur, ya leƙa aji, mu miƙe mu gaishe shi, ya tafi. Mai makarantar ta gaskiya Sista ce, wata 'yar gajeruwa daga kudancin Zariya, mai farin ɗankwali da agogo a hannu. Komai a wurinta da layinsa. Layin wanke hannu, layin duba farce, layin shiga aji, har fita fitsari sai an yi layi. Yara da yawa sun tsani abin. Ni kuwa kamar domina aka yi shi. Har a gida sai na jera wa Kaka ƙorenta daga babba zuwa ƙarami, ita kuma ta ce, "Ke 'yar nan, bar mini kayana yadda na san su, ni ba 'yar ajinku ba ce."

Ƙararrawarmu wilin babbar mota ne da aka rataye a jikin ɗorawa, ana dukansa da guntun ƙarfe. Akwai bugun safe, akwai na fita tara, akwai na tashi. Amma wanda ya fi su duka shi ne na tsakar rana. Ana buga uku a tsaya, uku a tsaya, uku a tsaya, sannan a saki dogo. Da ka ji na farko, duk inda kake, duk abin da kake yi, sai ka ƙame. Yaran coci su yi addu'arsu, mu musulmi mu harɗe hannu mu yi shiru har a gama. Ba a motsi, ba a tari, ba a dariya.

To, nan daɗin yake. Ƙararrawa ba ta jiran ka shirya. Takan kama wani da ƙafa ɗaya a sama, ta kama wata da bokiti a ka, ruwa na gangaro mata ta wuya. Wani yaro ta kama shi ya cika baki da gyaɗar da ya sato daga aljihun ɗan'uwansa, ya tsaya kumatu a kumbure, ba halin tauna, ba halin tofarwa. Ranar da ba na mantawa ita ce ranar da akuyar malamin coci ta zo ta soma cin littafin wani yaro a hannunsa, shafi bayan shafi, shi kuma yana kallonta hawaye na zuba, ba ya iya cewa kur. Mu duka muna danne dariya. Ita kanta Sista na ga leɓenta yana motsi, kuma ba na jin addu'a ce.

Da na shiga aji uku aka ba ni ƙarfen. Dalili, ni na iya gane tsakar rana ba tare da agogo ba. Nakan leƙa waje in ga inuwar ɗorawa ta tattaru a gindinta, sai in ɗaga hannu. Sista ta duba agogonta, ta gyaɗa kai, in fita. Ban taɓa jin wani abu mai daɗi a duniya kamar in daki ƙarfe sau ɗaya in ga makaranta guda ta tsaya cak ba.

Wannan ita ce ta farko. Yanzu ta biyu.

Da tagwaye suka soma tafiya, Baba ya zo da keke ya mayar da ni gida Karaye, aka sa ni aji huɗu a firamaren gwamnati. Ban ce ba ta da kyau ba. Akwai darasin Arabiyya a cikin aji, abin da ban samu a can ba. Akwai filin wasa mai faɗi, akwai masu tallan ɗanwake da dafaffen rogo a bakin hanya, kuma malamai suna da fara'a. Amma layi babu. Yara sun fi benci yawa, wanda ya riga zuwa ya zauna, saura su baje a ƙasa. Tagogi ba marufi, don haka ƙofa ɗaya ce a aji amma mashiga biyar. Da damina rabin aji sai sun gama noman safe suke zuwa, ƙafa duk taɓo.

Tun makon farko suka sa mini suna 'Yar Fada.

"'Yar Fada, wai gaskiya ne a can har numfashi sai an yi layi?"

"'Yar Fada, zo ki duba mana farce."

Na duba kuwa. Duk sun faɗi.

Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni ƙararrawa ce. Su ma wili ne, irin namu sak, a jikin darbejiya. Amma mai buga ta wani ƙato ne ɗan aji shida wanda ya maimaita ajin har gashin baki ya soma fito masa. Ba ya duba inuwa, ba ya tambayar malami. Idan ya ji yunwa ya buga tara. Idan ya ji barci ya buga tashi. Ta tsakar rana kuwa ban taɓa ji ya buga ba, sai na ɗauka lalaci ne ya sa yake tsallake ta. A tunanina duk makarantar duniya tana da ita, kamar yadda take da allo da alli.

Da lokacin cirar gyaɗa ya zo, uban ƙaton ya riƙe shi a gona. Makaranta ta wayi gari ba mai ƙararrawa. Na wanke ƙafa, na gyara ɗankwali, na je ofishin Hedimasta na yi sallama.

"Ranka ya daɗe, ƙarfen nake so."

"Wane ƙarfe?"

"Na ƙararrawa. Ni nake bugawa a can."

Hedimasta mutum ne mai jiki, mai son raha. Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke da ko tsawon ƙarfen ba ki kai ba? Tun da aka kafa makarantar nan mace ba ta taɓa buga ƙararrawa ba."

"An taɓa buga ta a kan lokaci, Malam?"

Malamin Arabiyya, wani dattijo da ke zaune a gefe yana gyaran alƙalami, ya sunkuyar da kai yana murmushi. Hedimasta ya jawo ƙarfen daga ƙarƙashin tebur ya miƙo mini.

"Gobe ki buga mana yadda aka koya miki a can. In kin yi daidai, naki ne har ki gama makaranta. In kin ɓata, ki koma shara da sauran mata."

"Duka zan buga, Malam?"

"Duka."

Ina so a riƙe wannan kalma, don za a buƙace ta nan gaba. Na tambaya, kuma an amsa mini.

Washegari na buga ta safe a kan lokaci. Na buga ta tara a kan lokaci, na buga ta komawa aji. Wani malami har ya ce, "A'a, yau kamar a Kano." Kaina ya kumbura. Na zauna kusa da taga ina gadin inuwar darbejiya, don yau zan ga abin da na daɗe ina son gani: wannan makaranta mai hayaniya kamar kasuwa ta tsaya cak. Har na zaɓi waɗanda nake so ƙararrawa ta kama suna cikin dambe.

Inuwa ta tattaru. Na miƙe na fita.

Na buga ukun farko, na ji ajujuwa sun yi tsit. Na buga na biyu, shirun ya ƙaru. Na buga na uku, na ce a raina, to ashe sun sani. Sai na saki dogon da dukkan ƙarfina, na ajiye ƙarfe, na harɗe hannu, na rufe ido.

Abin da na fara ji kamar saukar ruwan sama a kan kwano. Na buɗe ido ɗaya. Yara ne ke fitowa ta ƙofa, ta taga, wasu a kan wasu, jaka a ka, takalmi a hannu, ana guɗa ana ihun an tashi. 'Yan aji ɗaya suna bi ta tsakanin ƙafafun manya. Mai ɗanwake ta rungume tukunyarta ta haye kan kututture. Wani yaro ya wuce ni a guje, ya dawo, ya cusa mini alewa a hannuna da ke harɗe, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'Yar Fada," ya sake zubawa. Ban motsa ba, don ba a motsi. Na dai ga malamin lissafi da idona ya fito yana kaɗe alli daga riga, ya dubi hagu ya dubi dama, ya hau kekensa a hankali ya bi bayansu.

Kafin Hedimasta ya sa takalmi ya fito, fili ya zama wayam, sai ni da wata hula da aka yar.

"Ke. Me kika buga?"

"Ta tsakar rana, ranka ya daɗe."

"Ta mece ce?"

"Ta tsayawa."

Ya waiwaya ya dubi hanya, inda ake hango bayan na ƙarshensu. "To ga su can sun tsaya."

Malamin Arabiyya ya fito dafe da ciki, ya jingina da bango. Da ƙyar ya samu numfashi ya ce, "Malam, bugun coci ne. Na sha jin sa a Zariya lokacin da nake karatu. Su idan sun ji, tsayawa suke su yi addu'a. Namu kuwa dogon bugu ɗaya suka sani, na tashi."

"Amma nawa da uku-uku a gaba," na ce. "Mai kunne zai bambanta."

"Buga su dawo," in ji Hedimasta.

Na buga ta safe, na sake bugawa. Daga baya aka gaya mini waɗanda suka ji ta daga nesa ƙara gudu suka yi.

A gida na tarar labari ya riga ni. Inna ta ce na jawo wa kaina bulala, na jawo mata magana a unguwa. Baba ya kira ni zaure. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka ya ce, "Uwata, yi mini bayani." Na jera masa komai daga farko: abin da na tambaya, abin da aka amsa, abin da na buga. Ya saurara har ƙarshe, ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na girgiza, ya ce tari ne ya sarƙe shi.

Ƙarfen dai yana jakata, don a cikin rikicin ba wanda ya tuna ya karɓa. Tunda ba a karɓa ba, aiki yana wuyana. Da sassafe na je na buga ta safe, na san ta ƙarshe ce.

Sai ga abin da ban zata ba. Kowa yana so ya ga yadda za a zane 'Yar Fada, don haka kowa ya zo. 'Yan gona sun zo, 'yan latti sun zo, har waɗanda tun farkon zango ba a ga ƙeyarsu ba. Shi ma ƙaton ya baro gyaɗar ubansa ya zo, ya tsaya a gaba yana murza hannu. Don kowa ya samu wurin kallo, suka jeru da kansu, aji-aji, ba wanda ya ce musu.

Hedimasta ya fito da bulala a hammata. Ya tsaya. Ya dubi fili daga wannan bango zuwa wancan, ya daɗe yana kallo. Ya juya ga malamin Arabiyya ya ce, "Malam, ashe yaranmu sun kai haka yawa?"

Aka kira ni gaba. Na miƙa ƙarfen da hannu biyu, na miƙa tafin hannu kuma, don in za a yi abu a yi shi a gama.

"Sauke hannunki," ya ce. Ya ɗaga murya. "Jiya yarinyar nan ta watsa ku. Yau ta tara ku, abin da ni da bulalata muka kasa. Ga hukunci. Ta safe tata ce. Ta tara tata ce. Da an koma aji, ta kawo mini ƙarfen ofis. Ta tashi, kai ƙato, taka ce, amma sai ta ce maka lokaci ya yi."

Ƙaton ya buɗe baki. Hedimasta ya gyara bulalar, ƙaton ya rufe bakinsa.

Haka na riƙe ƙarfen har na gama aji shida. Sunan 'Yar Fada bai bar ni ba, sai dai muryar da ake kiransa ta sake. Kullum rana ta take tsaka, zafi ya cika aji, sai in ji ana raɗa daga baya: "'Yar Fada, don Allah. Uku-ukun nan. Sau ɗaya kawai." Har rogo aka sha ajiye mini a kan benci. Na ci rogon, ban buga ba. Ko da na so ma babu hali, don wanda aka aika ofis a wannan lokaci yakan dawo ya ce ya ga Hedimasta yana rubutu, ƙafarsa ɗaya a kan ƙarfen.