Baƙin Allon Malam Yohanna

Ranar Talata da hantsi, ina cikin keke zan tafi Makera, matar Malam Yohanna ta kira ni daga Kamazou. "Malam Sani, abokinka ya tafi," ta ce. Na sa mai keke ya tsaya, na sauka na zauna a bakin titi.

Ni da Malam Yohanna mun daɗe muna koyar da kwamfuta a shago ɗaya. Shi ke da darasin baƙin allo, inda ba a danna hoto, sai dai a rubuta umarni. Ni ma shi ya koya mini, bayan an rufe masaƙar da muka yi aiki tare.

Ranar da na haɗa jerin umarnina na farko a fayil, a samansa na sa clear, kalmar da ke share allo, wai ni gwani. Da ya gwada, duk abin da yake karantawa ya ɓace. Bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau ya ce, "Sani, ka shiga ɗakin mutum ka kwashe masa tebur? Allonsa ne, bar shi ya share da kansa." Haka yake da jama'a ma, ban taɓa jin ya katse wa wani magana ba.

Ɗalibi in ya tafka kuskure, yakan yi wuf ya share allon. Malam sai ya yi dariya, ya rubuta history, kalmar da ke dawo da umarnin da aka rubuta a baya, komai ya fito. "Ido kawai ka rufe," yakan ce, "aikin yana nan."

Bayan jana'iza na buɗe shagon, na tada kwamfutarsa. Ga layukan da ya rubuta ran Litinin. Ɗalibai na jira, darasi kuwa ba zai fara ba sai na share. Hannuna ya ƙi, don gani nake rubutunsa na ƙarshe zan kawar. Sai Maman Rifkatu, ɗalibarmu mai sayar da atamfa, ta ce, "Malam, share mana. Ai ya ce aikin yana nan."

Na share, na rubuta history. Duk suka fito, na ƙarshensu darasin da ya shirya mana. Raina ya yi sanyi, daga nan muka ɗora.

Allah ya ji ƙan Malam Yohanna, ya ba shi hutu. Allah ya sanyaya zuciyar matarsa da 'ya'yansa, ya tsaya musu. Kurakuransa kuma, Allah ya yi musu sharewar da ba ta barin komai a baya.